Manet Ta Biyu Tana Wurina

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana na fari, wanda ke bisa hanyar Damagaram.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na ƙarfe da na mutum, Ya sauke ku lami lafiya. Na ce wa innarka ta gaya maka kada ka buɗe ta sai kar ɗinku, wato babbar motar da kuka shiga, ta tsaya Adarbisinat, inda ake salla a ci ɗan nama. Idan ka bi maganar, to yanzu kana zaune a bakin hanya, ka yi nisan da ba za ka iya juyowa ka kalli fuskata ba. Abin da nake so ke nan. Akwai maganganun da bakina ya kasa fitarwa kana gabana, shi ya sa na ɗora wa hannu aikin. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun da ya saba da guduma ne.

Ba labarin gida zan ba ka ba, gidan da ka baro da safen nan yana nan yadda ka san shi. Kurakuraina zan zayyana maka, ka ɗauki abin ɗauka a ciki. Kusan dukkansu kuwa sun rataya ne a kan akwatin wasan nan naka da ke cikin jakarka, wanda ku kuke kira konsol, ni kuma na daɗe ina kira akwatin ɓata lokaci.

Ka san kai ne ɗan fari, ka kuma san yadda muka gaji abin a gidanmu. Tun ranar da aka raɗa maka suna ban taɓa furta shi ba. Idan ina nemanka sai in ce, “Kai!” ko in ce wa innarka, “Ina yaron nan?” Ban ɗauke ka a gaban mutane ba, ban yabe ka kana ji ba. Haka mahaifina ya yi mini, ni ma ɗan farinsa ne, ya koya mini ƙirar azurfa tun daga hura zuga-zugi har zuwa zane, kuma har ya koma ga Allah iyakar yabon da na samu a wurinsa shi ne ya juya zobe a hannu ya ajiye bai ce komi ba. Ban ɗauki wannan ƙiyayya ba, kunya ce. Innarka ma ba ta faɗin sunanka, amma ita ta samo wa kanta hanya, kullum akwai tsokar da ke ɓoye a ƙarƙashin tuwonka. Ni ban samo tawa ba.

Lokacin da kawunka ya zo maka da akwatin nan daga fataucinsa na arewa, kana kolej, raina bai so ba. Na ga yaran unguwa sun cika mana ɗaki, kowa ya zuba wa tele ido, baki sake. Amma ba a daɗe ba na lura kai wasanka daban yake. Su suna son ihu da cin juna, in sun gaji su watse. Kai kuwa sai bayan sun tafi kake gyara zama. Wani lokaci in ji wata ƴar ƙara siririya ta fito daga tele, in ga wani ɗan hoto ya leƙo daga kusurwa, kai kuma ka yi murmushi kai kaɗai. Na tambayi innarka, ta tambaye ka, ta dawo mini da bayani: wai sunan abin tirofe, alamar yabo ce da wasan ke bai wa wanda ya yi wani abu mai wuya, kowace da nata puwan, wato maki, suna taruwa a ƙarƙashin sunan mutum. Na ce, “Ana sayen gero da su?” Ta ce a'a. Na ce, “To Allah Ya sawwaƙe.” Daga ranar na sa wa akwatin sunan da ka sani.

Kuskurena na farko ka riga ka san shi, har yau ƙannenka in suna son su ba innarka dariya shi suke tayarwa. Faifan wasan da ka fi so ya fara tsayawa yana gardama. Ina ganinka kana hura masa iska kana goge shi da gefen riga. Da ka tafi lakkol wurin karatu na ɗauke shi na duba a hasken rana, sai na ga duk ƙarce ne a jikinsa. Na ce a raina, ashe wannan ce matsalar? Ni da tun ina yaro nake fitar da ƙarce daga jikin azurfa? Na kai shi maƙera. Na goge shi da toka mai laushi, sai ya dushe. Ban damu ba, azurfa ma haka take yi kafin a dafa ta. Na haɗa ruwan lemun tsami da gishiri a ƴar tukunya yadda nake yi wa zobe, na ɗora a wuta, na jefa shi ciki, har ina ƴar waƙata. Da na sa awartaki na tsamo shi, ya lanƙwashe ya tattare kamar kauɗar tumati.

Wallahi na yi tunanin in binne shi in ce ban gani ba. Amma na daure na ajiye maka shi a kan tabarmarka. Ka dawo, ka ɗauka, ka juya shi gaba da baya. Ina daga tsakar gida ina yi kamar ina gyaran buta, ina jiran kuka ko ƙunƙuni. Sai ka fito ka durƙusa ka ce, “Baba, kai ka gyara mini?”

Na ce, “Ni ne.”

Ka ce, “Sannu da aiki. Ƙarcen kam ya fita.”

Innarka ta ruga madafa tana toshe baki da zane. Kai ko murmushi ba ka yi ba sai da ka juya baya, na ga kafaɗunka suna rawa. Daga baya ka yi mini bayani a hankali cewa abin da ka tara yana cikin akwatin, ba a faifan yake ba, za ka ari wani a wurin abokinka. Ka faɗi haka ne don hankalina ya kwanta, na sani. Yaro ne kai a lokacin, amma ka gane cewa mutumin da ya ɓata maka abu ƙoƙarin kyautata maka yake, ka kuma rufa masa asiri. Manya da yawa ba su iya wannan ba.

To ga nasihata a kai. Iya sana'a ɗaya ba ya ba mutum izinin sa hannu a ta wani. Za ka je jami'a, za ka san abubuwan da ni ko sunansu ban iya faɗi ba, kuma ranar da ilimi ya fara yi maka daɗi za ka ji kamar kowane abu a duniya irin naka ne. Kafin ka gyara wa mutum kayansa, ko maganarsa, ko zamansa da iyalinsa, ka tambaye shi tukuna. Idan kuma wani ya dafa maka faifai saboda ƙauna, ka yi masa abin da ka yi mini.

Na biyu shi ne Jado, inda ake haƙar zinariya. Ka tuna shekarar da zancen zinariya ya hana kowa zama a Agadas, mai shago ya rufe, mai moto ya sayar, kowa ya nufi gabas. A lokacin ina da aikin Gumar a hannu, abokina na Dabaga mai garka, wato lambu, wanda ke kawo mana albasa da lemu. Adon kuben takobi ya ba ni in yi wa babban ɗansa, yana so ya rataya a bikin Biyanu. Na riga na sassaƙa siffofin da kakin zuma, saura in lulluɓe su da yumɓu in zuba azurfa. Sai wani da muka yi yarinta tare ya dawo daga Jado da sabuwar mota. Ban yi shawara da kowa ba. Na jera kakin a kan katako, na ja ƙofar maƙera, na bi ayari.

Abin da na samo a can ka gan shi: tari, da rama, da yashi a kunne. Kullum muna cikin rami, kullum mai na'urar neman zinariya yana cewa, “Saura kaɗan.” Idan na ce gobe zan koma gida, sai wani ya tsinci ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba, sai mu sake cewa saura kaɗan. Da na dawo na buɗe maƙera, zafi ya narkar da kakin gaba ɗaya, ya bi katakon ya daskare a ƙasa. Biyanu ya wuce, yaron Gumar ya rataya takobin aro. Gumar ya ci gaba da kawo albasa kamar ba abin da ya faru, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

A kwanakin nan ne, ina kwance ina jinya a ɗaki, na fara kallon wasanka da gaske, don ba ni da abin yi. Wani ɗan mutum kake tafiyarwa a kan tsauni, yana tsallake ramuka. Akwai wani wuri da yake faɗawa kullum. Ya faɗa, ka koma farko. Ya sake faɗawa, ka sake komawa. Ba ka jefar da manet ba, wato abin nan mai maɓallai da ake riƙewa a hannu, ba ka yi tsaki ba. Sai ka ɗan dakata, ka kalli wurin, ka sake dabara. Kwana da kwanaki kana kan wuri guda. Har ni da ke kwance na fara jin haushin ramin. Ranar da ka tsallake, ƴar ƙarar nan ta fito, ban san lokacin da na ce, “Alhamdu lillahi” ba, sai na mai da shi tari don kada ka ji.

Na kasa haƙuri na ce, “Kai, mi za su ba ka yanzu?”

Ka ce, “Ba komi, Baba. Alama ce kawai cewa mutum ya gama.”

Maganar nan ta zauna mini. Ni na bar aikin da ke hannuna, wanda na iya, wanda aka amince mini da shi, na tafi neman abin da ban ajiye ba. Kai kuwa kana nan kana ƙarasa abin da ba wanda ya sa ka, ba wanda zai biya ka, don dai kada ya zauna rabi. Da na samu ƙarfin tashi, maƙera na nufa, na kankare kakin daga ƙasa, na sake sassaƙa adon Gumar daga farko. Ban taɓa gaya maka ba, amma kai ka mai da ni bakin aiki.

Saboda haka ka riƙe wannan hali naka da kyau, shi ne dukiyarka. Karatun da za ka shiga dogo ne, kuma babu ƴar ƙarar da za ta riƙa fitowa tana yaba maka a hanya. Za ka faɗi wani gwajin, za ka ga waɗanda ba su kai ka ba sun wuce. Ka yi yadda ka saba, ka dakata, ka duba inda ƙafarka ta zame, ka koma. Idan wani ya zo maka da zancen gajeriyar hanya da sabuwar mota, ka tuna da kakin ubanka.

Amma akwai gefe guda da nake jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Na sha jin an kira magariba, innarka ta ce ka tashi, ka ce, “Saura kaɗan, Inna.” Duk ranar da na ji kalmar nan a bakinka sai gabana ya faɗi, don ita ce ta riƙe ni a ramin Jado. A gida akwai mai tashe ka. A Damagaram ba kowa, kai ne uban kanka. Idan ladan ya kira, ka ajiye, ko kana bakin ƙofar ƙarshe. Idan gobe akwai darasi, ka ajiye. Na san za ka iya, don na ga abin da ka yi da jarrabawar bak ta shiga jami'a ta matso: ba wanda ya ce maka komi, da kanka ka naɗe wayoyin, ka kai wa innarka akwatin ka ce ta kulle a adakarta sai an gama jarrabawa. Ranar na yi alfahari da kai har na rasa inda zan sa kaina, sai na fita na yi wa ƙanenka faɗa a kan takalmi.

Yanzu na zo kan na ukun, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami. Sauran duk share fage ne.

A wasan tsaunin nan ka samu kowace tirofe sai guda ɗaya. Ita ba a samunta sai mutum biyu, a zaune wuri guda, kowa da manet ɗinsa. Ɗaya yana hawa, ɗaya yana riƙe masa igiya, tun daga gindin tsauni har ƙofar da ke bisa, ba tare da ko ɗaya ya faɗi ba. Wata rana bayan la'asar ina zaure ni kaɗai ina hura wutar shayi, ka shigo ka durƙusa, manet biyu a hannunka. Ka yi mini wannan bayani kanka a ƙasa. Na ce, “Abokanka fa? Sun ƙare?”

Ka ce, “Suna nan. Amma su gaggawa gare su. Mai riƙon igiya sai wanda hannunsa ba ya rawa. Ina kallonka in kana zane a kan zobe, Baba.”

Ban san kana kallona ba. Allah Ya sani, zuciyata ta yi sanyi, hannuna har ya tashi daga kan gwiwa ya nufi abin. Daidai nan sai na ji sallamar Gumar a ƙofa. Na janye hannu kamar na taɓa garwashi. Na ɗaga murya yadda zai ji, na ce, “Tashi ka ba ni wuri! Ni sa'an wasanka ne?”

Ka ce, “Yi haƙuri, Baba.” Ka gaida Gumar, ka tambaye shi mutanen Dabaga, ka kawo masa ruwa, sannan ka shige. Ba ka sake tayar da zancen ba. Na zaci washegari za ka kira ɗaya daga cikin abokanka ku gama. Watanni suka wuce ban ji ƴar ƙarar ba. Da na bugi cikin innarka sai ta ce yaran sun yi ta roƙonka, ka ce musu a'a, wannan ta Baba ce.

Ka ga dai abin da na yi. Ɗana ya zo ya yabi hannuna, abin da ubana bai taɓa yi ba, ni kuma na kore shi don kada baƙo ya ga babban mutum yana wasa da ɗan farinsa. Na kira abin kunya, amma da na zauna na duba, tsoron bakin mutane ne kawai. Kunya ta gaskiya ba ta sa a wulaƙanta yaro.

Ka san abin dariyar? Ana cikin kwanakin da kake shirin bak, Gumar ya zo, muna shan shayi, sai ya ce, “Wai ni maƙeri, ran nan mi yaron ga yake so ka kore shi?” Na gaya masa ina kame-kame. Mutumin nan ya yi dariya har sai da ya riƙe rawaninsa. Ya ce, “Don ni ka yi? To ni a Dabaga muna da irinsa. Da panon hasken rana da ke ja mana ruwan garka muke kunna shi. Kullum da marece ƴaƴana suna cina a ballo, wasan ƙwallon nan, har maƙwabta sun san ihuna. Kai dai Allah Ya shirye ka.”

Na ce, “Har da babban?”

Ya ce, “Shi ya fi cina ma.”

Na ajiye kofin shayi. Na tashi na shiga ciki na ce wa innarka ta ba ni mabuɗin adaka. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, “Malam, ba dai dafa shi za ka yi ba?”

To ka ji asirin da aka ɓoye maka a gidanku. Duk ranar da Gumar ya shigo gari da kaya, kai kuma ka tafi bita wurin abokanka, sai mu rufe ɗaki mu kafa akwatinka. Shi ne mai hawa, ni ne mai igiya. Kada ka so ka ga ubanka. Idan ɗan mutumin zai yi dama, sai in karkata da jikina duka har in bugi Gumar. Idan zai yi tsalle, sai in ɗaga manet sama da kaina. Babban yatsana wuta ta daɗe da kashe shi, ba ya jin maɓalli, sai in danna biyu a haɗe. Na saki igiya na kashe mutumin Gumar har ban san iyaka ba. Innarka tana bakin ƙofa tana tsintar shinkafa tana gadi, tana cewa, “Malam, ka sake kashe bawan Allah.” Gumar kuma yana zagina da Tamashek don ya san ba duka nake ji ba. Da ta hango ka a lungu sai ta yi gyaran murya, mu naɗe komi a guje, mu fito muna zancen farashin albasa.

A nan na san abin da kake yi shekara da shekaru. Ido yana wuri ɗaya, yatsa yana wani, hankali yana gaba yana lissafin abin da ke zuwa, kuma duk a lokaci guda. Ƙira ma haka take, amma ita azurfa tana jiranka, wannan ba ya jiran kowa. Na raina abin da ban iya ba, na kira shi ɓata lokaci, alhali haƙuri da natsuwa kake koyo a gabana. Kai gwani ne, ɗana. Na faɗa, kuma ba zan janye ba.

Sannu a hankali hannuna ya gane. Na daina kallon yatsuna. Na gano cewa riƙon igiyar nan kamar zuba narkakkiyar azurfa ne, ba a saki gaba ɗaya, ba a kuma riƙewa da ƙarfi. Wata rana, saura kwanaki kaɗan ku gama jarrabawa, muka taso daga gindin tsauni, muka wuce ramin nan da ya wahalar da kai, muka wuce gadar da ke karyewa, ba wanda ya faɗi. Innarka ta ajiye faranti ta matso. Sai ga ƙofar a gabanmu, a buɗe, haske yana fitowa daga ciki. Gumar ya ce, “Maƙeri, mun iso! Taho mu shiga!”

Na ce, “In muka shiga mi zai faru?”

Ya ce, “Tirofe ta faɗo mana.”

Na ce, “Yaron ba ya nan.”

Na ajiye manet a kan tabarma. Gumar ya dube ni, ya dubi ƙofar, shi ma ya ajiye tasa. Muka bar mutanen nan biyu tsaye a bakin ƙofa har innarka ta zare waya.

Za ka ce to me ya hana ni gaya maka da aka gama bak? Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan. Sakamako ya fito, ka ci, gida ya cika da guɗa, ni kuwa abin da ya fito daga bakina shi ne, “To, madalla.” Na shiga maƙera na rufe ƙofa, a can na yi abin da ban so a gani ba. Kullum sai in ce gobe zan kira shi, gobe ta zo in ce sai jibi. Jiya bayan la'asar na zo har ƙofar ɗakinka kana haɗa kaya, maganar tana bakina. Ka ɗago ka ce, “Baba?” Sai na ji kaina ina cewa, “Ka ɗaure jakar da kyau, hanyar ba ta da daɗi.” Na juya. Daga baya innarka ta gaya mini ta tambaye ka zancen tirofen da ta rage, ka ce mata ba komi, a Damagaram ba za a rasa wanda zai riƙe maka igiya ba. Ta ce ba da fushi ka faɗa ba, kamar dai wanda ya gaji da jira. Wannan ya fi komi taɓa ni.

To ga nasiha ta ƙarshe, ita ce kuma mafi tsada a wurina. Idan ka ga abin yabo a wurin mutum, ka faɗa masa yana ji, tun yana kusa. Abokin ɗakinka, malaminka, matar da Allah zai ba ka, ɗan da za ka haifa, ko da na fari ne. Ka girmama al'adarmu, akwai alheri mai yawa a cikinta, ita ta koya maka durƙusawa da tausasa harshe. Amma duk inda ka ga tana neman sa ka juya wa naka baya don idon baƙo, ka tsaya ka duba da kyau, wataƙila baƙon ma a gidansa ballo yake bugawa da ƴaƴansa.

Sauran ka san su. Ka kula da salla. Ka zaɓi abokai irin waɗanda za ka iya kawowa gaban innarka. Ka riƙa kiranta a talho, ba sai kana da buƙata ba. Idan yara suka taru a ɗakinka saboda akwatin, ka bar wanda bai iya ba shi ma ya riƙa taɓawa, kada ku yi masa dariya da yawa, yanzu na san yadda abin yake.

Idan ka isa ka kwance jaka, za ka ga manet ɗaya ce a ciki. Kada ka zargi ƴan tasha, ni na cire ɗayar kana wanka. Tana maƙera, na naɗe ta a ƙyalle na sa a akwatin da nake ajiye azurfa. Na san Damagaram ba a rasa manet ba, kuma akwai yara masu saurin hannu da za su kai ka ƙofar nan a yini guda. Idan ka yi haka ba ka yi laifi ba, ka jira ni fiye da yadda na cancanta. Amma ina roƙonka, roƙo ba umurni ba, ka bar mini wannan guda ɗayar. Ka tara duk waɗanda za ka tara a can, wannan ka dawo da ita gida yadda take. Idan kun samu hutu, a zaure za mu kafa tele, da rana tsaka, ƙofa a buɗe, duk mai wucewa ya leƙo ya gani. Kai ka hau, ni in riƙe. Ba zan sake ka ba.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Ya buɗe maka ƙirji, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya kare ka daga abin da kake gani da wanda ba ka gani. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka, Gumar ya ce in gaya maka shi ya gaji da faɗowa daga tsauni, ka zo ka karɓi aikinka.

Allah Ya yi maka albarka, Ilyasu.

Ka ga na rubuta shi. Da baki ne har yanzu bai fita sosai ba, amma ina gwadawa a maƙera idan zuga-zugi na ƙara. Kafin ka dawo zan iya.

Ni ne mahaifinka,
daga Agadas.